Hoton shara yana rage shara kuwa?

Aminu: Ni dai ban yarda hotunan shara suna gyara komai ba. Tun 2009 mai ɗaukar hoto Chris Jordan ya ɗauki hotunan mushen 'ya'yan tsuntsayen teku a tsibirin Midway da ke tekun Fasifik: nama ya ruɓe, sai gashi da ƙashi, murafan kwalba da laita na nan daram inda cikin yake. Duniya ta gani, ta yi tir. Yau robar da ake ƙerawa ta haura tan miliyan 400 a shekara. Ina amfanin?

Hajiya Binta: Malam Aminu, ba ka yi wa hoto adalci ba. Ka ga bidiyon kunkurun tekun nan na Kosta Rika a 2015, ana zaro masa tsinken zuƙar lemo daga hanci, jini na zuba? Wallahi ni ban iya kallonsa har ƙarshe ba. A Yulin 2021 Tarayyar Turai ta hana sayar da irin wannan tsinken na roba. 'Yan majalisa ba sa motsi sai jama'a sun fusata, jama'a kuwa sai sun gani da ido.

Aminu: Hajiya, tsinken nawa ne a cikin sharar? Binciken 2018 kan tarin sharar tekun Fasifik ya gano aƙalla kashi 46 cikin 100 na nauyinta ragar kamun kifi ce. An kama ƙaramin ɓarawo, an bar babban.

Injiniya Musa: Abin da ke damuna daban ne. Kyamara tana zuwa inda shara ta ƙare, ba ta cika zuwa inda aka haife ta ba. Sai laifin ya faɗa kan mai saye da mai tsintar bola, masana'anta ta sha. Sannan ɓurɓushin robar da taya ke zubarwa a titi, da wanda ke fita daga tufafin nailan wajen wanki, wa zai ɗauki hotonsu?

Hajiya Binta: Injiniya, da gaskiyarka. Amma tulin tufafin da aka jibge a hamadar Atakama ta ƙasar Chile fa? Hoto ne ya tona shi, har mutane suka fara tambayar wa ke ɗinka kaya da yawa haka.

Aminu: Sun tambaya, na yarda. Taron Majalisar Ɗinkin Duniya na ƙulla yarjejeniyar rage sharar roba da aka yi a Janeba ya watse a Agustan 2025 ba a cimma komai ba.

Hajiya Binta: To a juya kyamarar ta kalli waɗanda suka hana a cimma ɗin.