Budurwar nan mai karanta wasiƙa a bakin taga, wane labari aka aiko mata?

Ummu Hanan: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu ilimin zane a taimaka min. Jiya na ci karo da wani zanen fenti na Vermeer, mutumin Holan, wata budurwa ce tsaye bakin taga tana karanta wasiƙa, fuskarta ta ɗan fito a gilashin tagar, gabanta tebur ne an lulluɓe da darduma ga faranti ya karkace 'ya'yan itace na gangarowa. Wallahi na daɗe ina kallonsa a waya. Ni dai gani nake mummunan labari aka aiko mata, don ta sunkuyar da kai babu ko murmushi. Ko ni ce ban fahimta ba?

Abban Sadik: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Wanne kika gani, mai bango fari fes ko mai hoton yaro a bangon? Don a nan maganar take. Zanen yana Dresden a Jamus, an yi shi wajajen 1657 zuwa 1659. A 1979 aka yi masa hoton ekis-re sai aka ga Cupid, yaron nan mai kwari da baka da Turawa ke alamta soyayya da shi, ɓoye ƙarƙashin fentin bangon. Da an ɗauka Vermeer ne ya shafe abinsa, sai da aka fara gyara a 2017 aka tarar da datti tsakanin fentin asali da na sama, ashe wani ne ya shafe bayan rasuwarsa. Suka yi ta kankarewa kaɗan-kaɗan da 'yar wuƙar tiyata har 2021. Kin ga kenan wasiƙar masoyi ce.

Maman Ilham: Na yarda da Malam, amma wasiƙar masoyi ai ba dole ta zama mai daɗi ba. Ku duba hannunta, ta riƙe takardar da hannu biyu kuma idonta na can ƙasa kamar ta kusa kai ƙarshe, wanda duk ya taɓa jiran saƙo daga wanda ya yi tafiya mai nisa ya san wannan tsayuwar, ba ka dariya ba ka kuka, karantawa kawai kake kana sakewa. Koren labulen nan na dama ma yana sa in ji kamar leƙa sirrinta muke.

Abban Sadik: Haka ne Hajiya. Sai dai Cupid ɗin ya taka abin rufe fuska da ƙafa, masana na fassara shi da so na gaskiya ba yaudara.

Ummu Hanan: Mai farin bangon na gani! Yanzu na nemo sabon. Gaskiya ɗakin ya cika, kaɗaicin da na ji jiya ya ragu, amma har yanzu fuskar gilashin nan ce ke riƙe ni. Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi.