Roba-robana ya daina ja: in saka masa bulok ɗin 125 ko ringi kawai zan canza?

Baban Khalifa:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da roba-roba 110 ɗan Sin, a hannu na saye shi wajen 'yan babura a Fagge shekara huɗu ke nan. Ni tela ne, shagona yana Gaida, kuma da wuya a yi kwana biyu ban shiga Kwari ɗauko yadi ba. Da, ko na ɗaura kaya a baya na dasa wani a tsakanin ƙafafuna, da giya uku nake haye gadar Ƙofar Nasarawa. Yanzu sai na dawo giya biyu yana kuka, 'yan adaidaita na ta yi mini oda a baya kamar na ci musu bashi. Yana hayaƙi mai shuɗi-shuɗi idan na murɗa, duk sati sai na ƙara baƙin mai, kik ɗin kuma ya yi laushi, da hannu ma sai ka danna shi.

Yaron da ke duba mini ya ce tunda dai za a sauke inji, in sayo bulok da fistin na 125 a ɗora, wai zai koma kamar doki. Abin ya shiga raina, amma kuɗin ɗinkin Sallah ne zan zuba, ba na son na yi sakin na hannu kama na guje. Masu sani a taimaka.

Tsohon Bakanike:

Wa alaikumus salam. Malam Baban Khalifa, shekarata ashirin da wani abu ina kwance irin wannan injin, tun kafin a hana acaɓa a Kano a 2013, lokacin da a rana ɗaya sai mu canza ringi biyar. Duk injinan roba-roban nan kwaikwayon Honda Cub ne, wanda aka fara yi a Japan a 1958, saboda haka awonsu sananne ne, ba abin gardama ba.

Naka da ake ce wa 110, faɗin fistinsa milimita 52.4, tafiyar da yake yi sama da ƙasa kuma 49.5. In ka buga lissafi cc 107 ne. To shi 125 ba faɗin fistin ya mai da shi 125 ba, tafiyar ce ta fi tsawo: wani 54 ne da 54, wani 52.4 da 55.5. Wannan tsawon daga karanshaf yake fitowa, shi ya sa bulok ɗinsa ya fi naka tsayi, tayimin cen ɗinsa ya fi tsawo, dogayen kusoshin da ke riƙe bulok da kan inji su ma haka. Wasu ma fin ɗin fistinsu milimita 14 ne, naka kuwa 13. Ka ga ba zancen a ɗora kawai ba ne, rabin inji za ka saya.

Abin da nake zaton yaronka ke nufi shi ne bulok mai fistin 54 da ake yi don karanshaf ɗin 110, wanda masu shago ke kira 125 don ya yi daɗin sayarwa. Wannan cc 113 zai ba ka. Ƙarin shida kacal. Kai kuma ƙarfin da ya zube maka ta ringi ya fi haka nesa ba kusa ba. Kik mai laushi ai matsi ne babu.

Ga yadda zan yi da nawa ne. A kwance kan inji da bulok, ka tsaya a wurin da kanka, ka sa farce a cikin bulok ɗin. In farcenka yana maƙalewa a zane, ko ka ji tudu a can sama inda ringi ke tsayawa, sabon ringi shi kaɗai asara ne. A kai wa masu borin su buɗa shi zuwa 025 ko 050, wato ƙarin faɗin milimita 0.25 ko 0.50, amma a sayi fistin ɗin tukuna a kai musu tare, su yi awo da shi. Masu yin borin sannan su je neman fistin su ne ke dawowa bayan wata biyu suna zagin ringi. Tun da kai yana ƙasa, a wasa bawul, a canza robobinsu, a kama kwanrod, ƙarfen da ke haɗa fistin da karanshaf, a ja shi sama da ƙasa. In yana motsi ko kaɗan, wannan sabon aiki ne, kar a rufe a kansa. Wajen haɗawa bakunan ringi kar su hau layi ɗaya, a rarraba su, rubutun jikinsu yana kallon sama. A saita bawul a milimita 0.05 inji na sanyi, da fila geji, ba da kunne ba. Na san akwai masu cewa kunnensu ya fi awo. Allah ya ba su haƙuri.

Sannan kilomita 500 na farko ka bi shi a hankali, ban da dilar shadda, ka juye mai da wuri saboda garin ƙarfe. Bai kai lita guda yake sha ba, kamar 0.8. Ka nemi 20W-50 na babur wanda aka rubuta JASO MA a jiki, don kulocinka a cikin man yake wanka, wasu mayukan mota sa shi santsi suke.

Tambaya ɗaya: yaushe rabonka da buɗe eya-kilina?

Na Maraɗi:

Gaskiya baba ya faɗi. Ni kam na yi wanga aiki bara, na sa 54 ɗin, na kuma canza sufuroket na gaba daga haƙori 14 zuwa 15 don in samu gudu. A cikin gari daɗi, ƙararsa ma ta canza. Kuskurena ban taɓa kafireto ba, jet ɗin da ke ciki tun asali, wato ɗan ramin da fetur ke bi, na bari. Ran nan ina hanyar Ɗan Isa da rana tsaka, na riƙe totur tsawon lokaci, sai na fara jin wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Kafin in ankara tayar baya ta ciza, Allah ya kiyaye ban sha ƙasa ba. Da muka cire fulogi fari tas kamar alli, fistin kuma ya kama jikin bulok ya yi zane. Mai ya yi masa kaɗan, zafi ya yi yawa. Injin iska ke sanyaya shi, bai da lagireto.

In har ka nace sai ka yi, ka ƙara girman jet mataki ɗaya, ka yi tafiya, ka cire fulogi ka duba. Kalar ƙasa-ƙasa ake so. Kuma kai mai kaya 15 ba naka ba ne, ja yake ragewa. Kai na baya za ka ƙara, in 36 ne ka koma 38, gudu ya ɗan ragu amma gada ta zo da sauƙi.

Abba Speed:

Haba dattawa, duk kun tsorata shi. Oga ka fasa salansa ka cire soson iskan nan, wallahi sai ka ji bambanci nan take. Haka muke yi wa namu.

Tsohon Bakanike:

Abba, ƙara ka ji, ba ƙarfi ba. Ka cire soso a garin da hunturu ke rufe rana da ƙura, ai sanfefa kake ɗura wa fistin. Kuma mutum mai iyali da zai fita da asuba, so kake maƙwabta su daina gaisawa da shi?

Baban Khalifa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, tambayarka ta kama ni. Jiya bayan la'asar na buɗe akwatin eya-kilinar da kaina, sai na tarar soson ya ruɓe ya zama gari, rabinsa ma babu, ga ƙasa ja a cikin robar da ke zuwa kafireto, na shafa da yatsa har da ƙaras-ƙaras. Ban san tun yaushe yake shaƙar ta ba.

Yau da safe aka sauke bulok, na sa farce kamar yadda ka ce, zane biyu dogaye a ɓangaren salansa. Kwanrod lafiya lau, alhamdu lillahi. Mai borin ya duba ya ce 025 ba zai share zanen ba, sai 050, na riga na sayo fistin na kai masa, ya ce in dawo jibi. Sufuroket ɗin baya na ƙirga, 36 ne, kuma haƙoran sun fara lanƙwasa. In zan koma 38 ɗin da ɗan'uwa na Maraɗi ya ce, tsohuwar sarƙar za ta kai, ko a haɗa da sabuwa gaba ɗaya?