Wayar batirin motar golf tana zafi har robar ta fara narkewa, ina matsalar take?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum. Masu sani a taimaka. Motar golf ce mai 48V, batir shida masu 8V, ana jigilar mutane da ita a wani rukunin gidaje a Lekki. Kwana biyun nan da ta yi tafiyar minti goma sai warin roba ya taso daga ƙarƙashin kujera. Wayar da ta haɗa batir na uku da na huɗu ba ta taɓuwa, bakinta ya yi baƙi, sauran kuwa ɗumi kawai. An ce in sayi wayoyi masu kauri in canza duka. Hakan ne maganin?

Mai Wayarin Ladipo:
Wa alaikumus salam. Malam, ajiye kuɗinka tukuna. Batiran nan a jere suke, wutar da ta bi waya ɗaya ita ce ke bin duka. Da sirantar waya ce matsalar, da duk sun yi zafi tare. Tunda ɗaya ce, kuma a bakinta, to haɗin wurin ne ya lalace: ko noti ya saki, ko tsatsa ta shiga tsakani, ko zaren tagullan ya ruɓe a cikin log ɗin da aka matse, wato ƙarfen bakin waya da ake ɗaurewa a kan batir.

Motar nan in za ta tashi da kaya ko ta hau gangare tana iya jan amfiya 200 ko fiye. Haɗin da ya samu cikas na ohm 0.005 kacal zai ɓatar da bolt 1 a wurin, wato zafin wat 200 a fili kamar girman ƙwandala. In wutar ta ninka, zafin sau huɗu yake ƙaruwa. Haka kan batir ke narkewa, domin dalma ce.

Ka auna kafin ka kwance komai. Sa mitar auna wuta a DC, ka maƙala baki ɗaya a jikin dalmar kan batir, ɗayan a jikin log ɗin, sannan a hau gangare da mutum biyu ko uku. Fiye da bolt 0.1 a haɗi ɗaya laifi ne. Daga kan wannan batir zuwa na gaba, waya duka, kada ya wuce 0.2. Kada ka ɗaga motar a jak ka ce ka gwada, taya a sama ba ta jan wutar kirki, mita za ta yi maka ƙarya.

Wajen gyara: cire makulli, in motar tana da maɓallin Tow/Run ka mai da shi Tow (yanayin ja ko tura motar, ba tuƙi ba), ka fara cire babbar wayar negatif. Naɗe sifana da tef, cire zobe da agogo, kuma ba sigari a kusa saboda iskar da batir ke fitarwa tana kamawa. Wanke kan batir da bekin soda, cokali ɗaya a kofin ruwa, murafu a rufe kada ya shiga ciki. Goge da burushin waya har dalma da tagulla su yi ƙyalli. Log ɗin ya kwanta kai tsaye a kan dalma, washa ta zo a samansa, sannan noti. Da yawa suna sa washa a ƙasa, ita ce kuwa ke zama rushi. Ɗauri kamar Nm 11 zuwa 12 ne (Nm awon ƙarfin ɗaurin noti ne) a irin kan nan mai ƙusa. In ka wuce haka ƙusar za ta iya tumɓukowa daga dalmar. Giris ko basilin bayan an ɗaure ake shafawa.

Wayar da ta riga ta ƙone dai jefar da ita.

Injiniyan Sola, Alaba:
Maganar Oga na Ladipo daidai ce, sai dai ni ba zan tsaya a waya ɗaya ba. Iskar Lekki da Ajah gishiri gare ta, ga damina, ga tururin asid. Tsaga robar tsohuwar wayar kamar tsawon yatsa. In tagullan ya yi kore ko baƙi har ciki, sauran ma suna hanya, canza gajerun wayoyi biyar na tsakanin batiran da manyan biyu gaba ɗaya. Galibin motocin nan da waya lamba 6 AWG (awon kaurin waya na Amurka) suke zuwa, kusan 16mm a awon kasuwarmu. In ba a taɓa kwantirola ba, wato na'urar da ke daidaita wutar da ke zuwa injin motar, kuma mutum huɗu take ɗauka, ta isa. In an ƙara kujerar baya ko an sa manyan tayoyi, je ka 25mm, irin wayar walda mai laushi.

A kula da wayar alminiyum mai fentin tagulla, ta cika kasuwa. Kankare zaren da wuƙa, in fari ya fito ka bar ta. Ba ta da nauyi a hannu, kuma wutar da take iya ɗauka ba ta kai ta tagulla ba. Log kuma a matse shi da injin matsewa, a rufe wuyansa da robar da ke tsukewa da zafi. Wanda aka bubbuga da guduma, bayan wata kaɗan za ka dawo nan da tambayar nan.

Ɗan Agege:
Na gode ƙwarai. To in na canza amma duk wayoyin suka ci gaba da ɗumi fa?

Mai Wayarin Ladipo:
Ɗumin da za ka iya riƙewa a hannu bayan doguwar tafiya ba komai ba ne. In ya fi haka, motar ce ke jan wuta fiye da kima. Sa ta a Tow ka tura ta a shimfiɗaɗɗen wuri, in tana turjiya birki ne ke riƙewa. Duba iskar taya, yawanci 18 zuwa 22 psi. Sai batiran: bayan cikakken caji da hutun sa'o'i, kowanne ya nuna wajen bolt 8.5, jimla wajen 50.9. Auna su ɗaya bayan ɗaya ana tafiya, wanda ya faɗi ƙasa da 'yan'uwansa sosai shi ne ya gaji. Taɓa manyan ƙusoshin solinoid ma, wato makunnin da ke haɗa babbar wutar batir in an taka totur, su ma suna yin irin wannan zafin in cikinsa ya cinye. Batir na uku da na huɗun nan kuma ka duba ko ana cika musu ruwa har baki. Ruwan batir ake zubawa bayan caji, ya tsaya ƙasa kaɗan da wuyan ramin, in ba haka ba asid zai riƙa tumbatsa yana cin sabuwar wayar.