Muhawara: Shin lokaci ya yi da za a cire direban faifan CD da DVD daga kwamfuta?

Injiniya: Assalamu alaikum. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da masu rubuta babbar manhajar kwamfuta za su sauke wa kansu nauyin direban na'urar karanta faifai, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa kwamfuta da na'urar, kuma ina ganin sun riga sun kama hanya. Apple ta fitar da MacBook Air a 2008 babu ƙofar faifai a jikinsa, Windows 8 ta zo a 2012 ba ta nuna fim ɗin DVD, sannan Windows 10 ta zo a 2015 an cire mata Media Center, manhajar kallon fim da talabijin. Faifan CD megabait 700 yake ɗauka, na DVD gigabait 4.7, alhali ƙaramin filashin da ake sayarwa a bakin titi ya ninka su sau da yawa. Kowane direba yana buƙatar mai kula da shi, wanda aka yi watsi da shi kuwa ƙofa ce ga masu kutse.

Malam mai gyara: Wa alaikumus salam. Injiniya, ka haɗa abu uku ka ɗaure da igiya ɗaya. Akwai direban da ke magana da na'urar kanta, wanda ke ce mata ta buɗe, ta juya faifai, ta karanto wuri kaza. A Windows sunansa cdrom.sys, kuma yana nan har a Windows 11. Akwai kuma direban da ke fahimtar yadda aka jera fayiloli a kan faifan, wato tsarin ISO 9660 na CD da tsarin UDF na DVD, su ma suna nan. Na uku shi ne manhajar da ke warware hoton fim mai tsarin MPEG-2, kuma ita kaɗai aka cire, saboda kuɗin lasisi da ake biya a kan kowane kwafi, har da na kwamfutar da ba ta da na'urar faifai ko kaɗan. Ka sa faifan fim a Windows 11, za ka ga fayilolinsa ƙiri-ƙiri. Ka sa manhajar kallon bidiyo ta VLC, fim ya fito.

Alhaji: Yara, bari in ba ku labarin inda aka fito, domin wanda bai sha wahalar DOS ba, babbar manhajar da ake aiki da ita kafin Windows ta yaɗu, bai san darajar abin da ake cewa a jefar ba. A farkon shekarun 1990, kowane kamfani da irin igiyarsa: Sony da tata, Panasonic da tata, Mitsumi da tata, kuma sau da yawa a jikin katin sauti ake jona na'urar. Sai ka rubuta sunan direban da hannunka a cikin fayil ɗin CONFIG.SYS, ka koma fayil ɗin AUTOEXEC.BAT ka kira manhajar MSCDEX, kafin kwamfuta ta yarda ta ba faifan harafi. In ka kuskure harafi ɗaya a sunan, shiru kake ji kamar an aiki bawa garinsu. Abin da ya raba gardamar shi ne tsarin ATAPI a tsakiyar shekarun nan, wanda ya bar umarnin SCSI, wani yaren sarrafa na'urori, ya bi ta igiyar da babban faifan ajiya ke amfani da ita, daga baya aka tattara umarnin a ƙa'idar MMC. Shi ya sa yau direba ɗaya tal yake sarrafa na'urar kowane kamfani, ta SATA ce ko ta USB. Ina nauyin yake, Injiniya?

Injiniya: Allah ya ƙara girma, Alhaji, na yarda direban ƙarami ne, amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Ka dubi ɓarnar da aka yi ta wannan kafa. A 2005 Mark Russinovich ya gano cewa wasu faya-fayan waƙa na Sony BMG suna dasa manhajar da ke ɓoye kanta a cikin Windows, kuma wanda ya goge ta da hannu sai na'urar faifansa ta ɓace masa. Haka direban SafeDisc, secdrv.sys, wanda wasannin kwamfuta ke amfani da shi wajen tabbatar da faifan asali, aka samu rauni a cikinsa, har Windows 10 ta daina aiki da shi. Ko Linux, wata babbar manhaja irin Windows, da ake yaba wa wajen riƙon tsofaffin kaya, ta cire tsohon sashen IDE, mai kula da tsohuwar igiyar jona faifai, gaba ɗaya a siga ta 5.14 a 2021.

Ɗaliba: Yaya Injiniya, ka gafarce ni, misalinka na Linux yana goyon bayan su Malam ne. An cire tsohon sashen IDE saboda wani sabon sashe mai suna libata ya riga ya karɓi aikinsa, kuma na'urar faifai tana nan tana bayyana da sunan /dev/sr0 ta hannun direban sr. Hanya biyu ce ke zuwa gari ɗaya aka rufe ɗaya. Sannan akwai abin da ban ji kowa ya ambata ba: fayil ɗin ISO da muke saukowa da shi don saka Windows ko Ubuntu, hoton faifai ne. Tun daga Windows 8, in ka danna shi sau biyu sai ya buɗe a matsayin na'urar faifai ta ƙarya, kuma direban nan ne ke karanta shi. Kwamfutocin gaibu, wato waɗanda manhaja ke kwaikwayo a cikin wata kwamfuta, da ke cikin manyan cibiyoyin ajiyar bayanai ma sau da yawa ta irin wannan na'ura ake ɗora musu manhaja. Ƙarfen yana mutuwa, amma yarensa yana nan da rai.

Malama: Ni ba injiniya ba ce, ɗakin karatu nake kula da shi. Muna da durowa uku cike da faya-fayan da ɗalibai suka haɗa da kundin bincikensu, kuma a gidajenmu karatun tafsiri da bidiyon biki na shekaru da yawa a faifai suke. Asibitoci da dama har yanzu a CD suke ba majiyyaci hoton da na'ura ta ɗauka. Faifan da aka rubuta aka rufe yana da wata falala da filashi ba shi da ita, wato ƙwayar cuta ba ta iya hawa kansa, ko a kwamfuta nawa aka sa shi. Na san faifai na lalacewa, na ga waɗanda bayansu ya ɓare kamar bawon albasa, kuma wannan ne ma dalilin da ya sa muke gaggawar kwashe su. Ranar da aka cire direban kafin mu gama, da me za mu kwashe?

Malam mai gyara: Injiniya, misalanka biyu na Sony BMG da SafeDisc duk baƙi ne da suka ɗare kan direban, ba shi kansa ba, kuma irinsu nake gani a shago. Makon jiya aka kawo mini wata laftof, mai ita ya rantse na'urar ta ƙone. Na danna maɓalli tire ya fito, na sa faifai na ji yana juyawa, amma babu harafinsa a allo. Da na buɗe jerin na'urori sai ga alamar rawaya mai kusurwa uku da lamba 39. Wata tsohuwar manhajar rubuta faifai ce aka cire, ta bar sunanta a rajista, wato kundin saitunan Windows, a ƙarƙashin UpperFilters da LowerFilters, sai Windows take ta neman direban da babu shi. Na goge layukan biyu, na kashe na kunna, harafin ya dawo.

Wani abin da ake ɗora wa direba ba laifinsa ba shi ne lambar yanki, wadda ke hana faifan fim na DVD na wani yanki na duniya aiki a na'urar wani yankin. Amurka yanki na 1 ce, Turai na 2, Najeriya da Nijar na 5, kuma kwamfutocin hannu da ake shigo da su suna zuwa da lambar inda suka fito. Sau biyar kacal na'urar ke yarda a canza, kuma ƙirgen a cikin na'urar yake, ko ka sake ɗora Windows ba ya komawa.

Injiniya: To, na janye maganar cewa an riga an fara cirewa, domin Ɗaliba ta ɗaure ni da batun ISO. Amma ina nan a kan rabin ra'ayina: a bar sashen karantawa, a fitar da sashen rubuta faifai, wanda Windows ke ɗauke da shi tun zamanin XP, ya zama abin da mai buƙata zai sauko da shi daga intanet.

Malama: Ɗana, mai buƙatar rubuta faifai a yau yawanci shi ne wanda ke wurin da intanet ba ta da ƙarfi, ko ofishin da aka hana jona kwamfutarsa da ita da gangan. Shi za ka ce ya je ya sauko da shi?

Alhaji: Malam mai gyara, kafin a tashi, ina ake duba ƙirgen nan na yanki? Tawa laftof ɗin daga Jamus ta fito.

Malam mai gyara: Ranka ya daɗe, ka buɗe jerin na'urori, ka danna na'urar DVD sau biyu, akwai shafin yanki da zai nuna maka sauran canji nawa. In ka ga saura ɗaya, kada ka taɓa sai ka tabbatar da lambar da ke bayan kwalin faya-fayanka, domin wadda ka zaɓa a nan ita za ta zauna.