Martanin laka bayan makonni 6 na gudu: awona ya ƙi daidaita

Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa masu ilimin aikin jiki, ku taimaka mini. Binciken kammala digirina a kan mutum 12 ne da ba su taɓa motsa jiki ba, suka yi gudun sassarfa makonni 6. Ina buga agara da gudumar roba in duba zaburar ƙafa, wadda saƙonta ke bi ta laka a S1, wato wani sashe na can ƙasan laka. Yau ta yi ƙarfi, gobe ta yi sanyi, a jikin mutum ɗaya!

Na san gwajin Hoffmann, inda ake zaburar da jijiya da lantarki maimakon bugu, ya fi inganci, kuma martanin ya fi girma ga masu dogon gudu fiye da masu gajere, amma ba mu da na'urar. Gajiya ce ke rikita awon, ko bugun hannuna ne? Awa nawa zan jira bayan gudu kafin in auna? Abin ya hana ni barci wallahi.