Masu ɗaukar murya a gida, yaya kuka yi da ɗakinku?

Mai karatun littafi, Gwammaja: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina karanta labarai ina ɗorawa a YouTube, amma muryata tana fita kamar daga cikin rijiya. Ɗakin tayil ne, bangon siminti, ga injin markaɗe a maƙwabta. An ce in manna kiret ɗin ƙwai a bango. Wanda ya taɓa shiga wannan halin ya taimaka mini.

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, rabu da kiret ɗin nan. Na tarar da shi a ɗakin da na kama haya, bango huɗu, ba abin da ya tare sai ƙura da kyankyaso. Matsalarki biyu ce, kuma maganinsu ba ɗaya ba. Akwai amsa-kuwar cikin ɗaki, akwai ƙarar waje. Ta farko mai sauƙi ce: tsaya tsakiyar ɗakin ki tafa sau ɗaya, ki saurari abin da zai biyo bayan tafin. Sai ki shimfiɗa kafet, ki jingina katifa a bangon da ke bayanki, ki rataya bargo mai kauri a taga, ki sake tafawa. Da kunnenki za ki ji bambanci. Ƙarar waje kuwa soson da ake mannawa a bango ba ya hana ta shigowa, sai bango mai kauri da ƙofar da ba ta da kafa.

'Yar Zariya: Ni a gaban wadrob nake ɗauka. In buɗe ƙofofin, in sa makirfo yana juya wa kayan baya, atamfofi da lesuka su shanye sautin. Sai dai zafi! Dole a kashe fanka, a watan Afrilu kuwa kafin ki gama shafi biyu kin jiƙe sharkaf. Ina ajiye ruwa kusa, in huta tsakanin babi.

Malamin sauti, Damagaram: Abin da ba a faɗa ba shi ne irin makirfon. Makirfo nau'in kwandensa, wanda ke buƙatar wutar 48V daga akwatin da ke haɗa shi da kwamfuta, irin Focusrite Scarlett, yana jin komai, har zakaran gida na uku. A unguwa mai hayaniya makirfo nau'in dainamik ya fi, irin Shure SM58, in an samu na asali don jabunsa ya cika kasuwa. Ki bar tazarar taƙi ɗaya ko ƙasa da haka tsakaninsa da bakinki, ki ɗan karkatar da shi. Safar mata ta leda da aka ɗaura a zoben waya tana tare iskar da ke fita in kin furta "b" da "f". Kada ki zauna a kusurwa, murya kan yi kauri a can. Ni na koma tsohon soron kakanmu na ƙasa mai rufin azara, ban ƙara ko tsinke ba, kuma ya fi ɗakin bulon da na kashe wa kuɗi.

Ɗan Fagge: Gaskiya ne Malam. In ƙara: idan kin ji wani zuuu a ƙarƙashin murya, cire cajar laftop ki ɗauka da batir. Nawa daga nan yake. A Audacity, manhajar ɗaukar murya, ki sa ido a ma'aunin ƙarfin sauti kada sautin ya haura -6, in ya kai ja ya fashe ba gyara.

'Yar Zariya: Maganar injin markaɗe fa, lokaci kawai za ki sauya. Bayan sallar Asuba kafin 'yan adaidaita su fito, ko dare in an kashe janareto. Da damina in ruwa ya sauko a kan kwano, ki naɗe waya ki kwanta.

Mai karatun littafi, Gwammaja: Allah ya saka da alheri. Na gwada katifa da bargo yau da asuba, amon ya ragu sosai. Saura ƙarar buɗe shafi. Masu karatu daga takarda, ya kuke yi da ita?