Yaya ake koya wa mutum ya daina zagin kansa a zuci?

Maman Ilham, Pantami:
Assalamu alaikum. Duk shekara in sakamakon JAMB ya fito, sai ka ji yara a nan Gombe suna cewa "ni daƙiƙi ne, ban taɓa yin abin kirki ba." Manya ma haka suke yi in jari ya karye. Me za a koya musu? Kuma tausaya wa kai ba ya jawo lalaci?

Malam Buba, Jekadafari:
Wa alaikumus salam, Maman Ilham. Yaro ya nemi ƙaramin littafi. Kowane dare, minti 5, ya rubuta abu uku: abin da ya faru, maganar da ya faɗa wa kansa yadda take, sannan abin da zai faɗa wa ƙaninsa da a ce shi abin ya samu. Ya yi mako biyu a jere. Ya ja layi a ƙarƙashin "kullum", "ban taɓa" da "kowa", don a nan ƙaryar take ɓuya. "Na ci 160, lissafi ne ya ja ni ƙasa" tana nuna shafin da zai buɗe gobe. "Ni daƙiƙi ne" ba ta nuna komai.

Kuskuren da aka fi yi shi ne musanya zagi da kirari. In ka sa wanda ya faɗi jarrabawa ya riƙa cewa "ni gwarzo ne", zuciyarsa ba za ta gaskata ba, zagin ya dawo da ƙarfinsa.

Hajiya Rabi, Bolari:
Batun lalaci, ƙanwata, akasin haka ne. Wanda ke tsoron zagin kansa gudun littafin karatu yake yi, don buɗe shi na tuna masa da ciwon. Kristin Neff, masaniyar halayyar ɗan Adam ta Amurka, ta kasa tausayin kai gida uku a 2003: sassauta wa kai, tuna cewa ba kai kaɗai ke faɗuwa ba, da ganin ciwon gwargwadonsa. In zuciya ta yi zafi, ya fara da numfashi: ya shaƙa yana ƙirga 4, ya saki yana ƙirga 6, sau biyar. Hadisi ma ya hana "da na yi kaza", ya koya mana "ƙaddarallahu wa ma sha'a fa'al."

Dan Gombawa:
A kula, don Allah. In ya wuce mako biyu barci da cin abinci sun rikice, mutum ya daina jin daɗin komai, rubutu a ƙaramin littafi kaɗai ba zai isa ba, a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Tarayya. In kuwa ya ambaci kashe kansa, a kai shi a ranar, kada a bar shi shi kaɗai.